Rasuwar Uwargida Hester Thackray, Mai Tsaron Sunayen Karnuka

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Masu Adana Tsofaffin Zanen Gasar Karnuka ta Arewacin Yorkshire ta samu labarin rasuwar uwarmu, shugabarmu ta farko, mai girma Uwargida Hester Thackray ta garin Skipton, wadda ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara tamanin da huɗu a duniya.

Fiye da shekara arba'in marigayiya ta yi tana bin kasuwannin gwanjo, tana ceto zane-zanen gasar karnuka na zamanin Sarauniya Biktoriya daga danshi da ɓeraye, tana sa su a firam da gilashi. Dokarta ɗaya ce, kuma duk mun sha faɗa a kanta: ba a yanke gefen takarda, domin a nan aka buga sunan kare da na mai shi. Duk abin da ta gano game da zane, sai ta rubuta da fensir a bayan firam. Takan ce, "Kare ba suna, ai karen bola ne, ko da gilashi a kansa."

Ni mai sa hannu a wannan takarda na fi kowa sanin zafin dokar. A 1987, ina sabon shiga, na sayi zanen wata 'yar karya mai kunne ɗaya a tsaye, firam ɗina ya yi masa kaɗan, sai na sa almakashi na rage gefen, na jefa a murhu. Marigayiya ta dubi zanen, ta dube ni, ta ce, "Haba Desmond! Ina ma yatsanka ka yanke." Ta karɓe shi, ta nemi sunan karyar nan har ƙarfinta ya ƙare, ba ta samu ba. Ni kuwa shekara talatin da bakwai kunya ta hana ni duban bangon da ta rataye shi.

Muna roƙon Allah Ya ba 'ya'yanta, Giles da Rosalind, da jikokinta haƙurin jure wannan babban rashi. Muna kuma roƙon su, duk yadda za su yi da zane ɗari uku da ta bari, kada a sauya bayan firam ko ɗaya, don aikin rayuwarta yana can.

Jiya Rosalind ta kawo mini wancan zanen. Na juya bayansa, na ga rubutunta: "Suna: ba a sani ba. Desmond ya yanke, 1987. Na yafe masa tun 1988, ban dai gaya masa ba."

Allah Ya yafe mata kamar yadda ta yafe mini.

Desmond Ollerenshaw
Sakatare kuma Kakakin Ƙungiya