Makokin Wan Maƙwabciyata

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Baba? Mu nan Birmingham lafiya lau.

Kin tuna tsohuwar Baturiyar da ta riƙe min yara da na kwanta asibiti? Na tarar tana kukan rasuwar wanta. Na toya waina, na je mata zaman makoki. Ashe tun jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Biyu jirgin soja ya faɗi da shi wajen atisaye, tana yarinya. Ta ce a lokacin ba wanda ya zauna da ita. Na gode Allah da ban tsaya tambayar yaushe ba. Asabar zan kai ta kabarinsa a Manchester.

Ki sa mu a addu'a, har da ita. Gaida Inna.

Ƙanwarki,
Bilkisu