Takardar da ke Jikin Firij

Zuwa ga matar ƙanina,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Ya aikin asibiti?

Ranar Lahadi da na zo, na shiga kicin shan ruwa, sai na ga takarda manne a jikin firij, an ja mata layi da rula, kowace rana da gidanta. Talata da Alhamis, wanke-wanke: Malam. Ƙanina, shugaban makaranta guda, shi ne da soso? Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gidan Asabar, huɗu zuwa shida, inda kika rubuta da jan biro: "Kada a neme ni." Uwar 'ya'ya uku! Ina kike zuwa?

Na cire takardar, tana cikin jakata. Gida ba asibiti ba ne.

Ki huta lafiya.
Yayarku.

*

Yaya,

Gaisuwa da ban girma. Muna lafiya, sai dai Auta, har yau ba ta yi mini magana ba.

Aikina juyawa yake, mako na safe, mako na yamma, shi ya sa ɗauko Auta daga makaranta ranar Laraba ba shi da mutum ɗaya. Takardar ce ke faɗa mana wanda zai je. Ƙaninki, kin san shi, ko ranar haihuwarsa sai an tuna masa. Ya duba firij bai ga komai ba, ya ɗauka ni ce. Ni kuwa ina can ina ɗaure wa mutane ciwo. Yarinya ta zauna a bakin get, ita da maigadi, har ƙarfe shida. Da na iso, ko kuka ta daina, jakarta kawai ta rungume. Raina ya ɓaci, Yaya, ba zan ɓoye miki ba.

Kwanukan kuma, da bakinsa ya ci, kuma hannunsa bai narke ba.

Kin tambayi inda nake zuwa ranar Asabar. Ɗaki. In kashe waya in miƙe ƙafa, ba mai cewa ina safata, ina maƙullina. Awa biyu a mako, ba zan ba kowa haƙuri a kansu ba.

Ki riƙe waccan takardar. Na sayo fenti na rubuta sabuwa a bangon kicin. Wannan ba za ta shiga jaka ba.

A gaida mutan gida.
Matar ƙaninki.

*

Maman Auta,

Bayan gaisuwa. Ga takardarki. Gidan Laraba na sa sunana, ni zan riƙa ɗauko ta. Ki ce gwaggonta ta ce ta yi haƙuri. Wanke-wanken dai har gobe ban yarda ba.

Asabar ɗin nan, kulle ƙofa kike yi, ko faɗa musu kawai ya isa? Shekarata talatin da aure, ban san ana yi ba.

Yayarki.