Aron Abdulbasit

Asabar, 5 ga Afrilu

An fitar da mu. Matasan Balan, zagayen farko na share fagen jiha, biyu da nema. Sili ɗaya ƙwale, babu gobe. Na sa Abdulbasit saura minti goma sha biyar, ko ƙwallo bai taɓa da kirki ba. Shekara tara ina horar da yaran nan don mu leƙa Kofin Ƙalubale.

Kafin mu iso Gaya sai ga labari wai Zaratan Gafasa sun ci nasu wasan. Ƙungiyar Maiwada, mijin ƙanwata Hure. Na ce madalla. Bakina ne ya faɗa.

Litinin, 7 ga Afrilu

A teburin mai shayi babu zance sai Maiwada. Wai koci. Mutumin da ni na koya masa ɗaure takalmin ƙwallo!

A tambaye shi yaushe aka fara kofin nan, a ga ido. Ni na sani: 1945, a Legas, da sunan Kofin Gwamna, kafin ya zama na Ƙalubale. Kano ta ɗauka a 1953, Baba ya sha ba ni labarin muna shara a gona. Littafi guda na cika da tarihinsa, shekara bi shekara. Maiwada kuwa da sunan kofin ma bai damu ba, shi dai a buga. Kuma shi Allah ya ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Hassada ce. Na sani. Rubutawa bai rage ta ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na hau babur na je kallon wasansu na biyu, da fatan in ga an lallasa su. Sun ci ɗaya da nema. Wa ya ci? Abdulbasit ɗina, sanye da rigar Gafasa.

Ashe 'yan gaban Maiwada uku sun tafi ci-rani, sai ya aiko aka ɗauki yaron, yadda ƙauyukanmu suka saba aron ɗan wasa kamar aron garma. A gasar Sallah wannan ba komai ba ne. A kofin nan kuwa, wanda ya riga ya buga wa wata ƙungiya ba shi da damar buga wa ta biyu, ko da minti ɗaya ya yi. In aka kai ƙorafi, korarsu za a yi. Takardar jerin 'yan wasanmu tana cikin jakata, da sunansa da sa hannun alƙalin wasa. Babu wanda ya lura sai ni.

A hanyar dawowa har waƙa na kama kaina ina yi.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na rubuta wasiƙar zuwa ga masu shirya gasa. Sau uku ina sake ta don ta yi kama da ta mai kishin doka.

Matata Sa'adiya ta leƙa ta karanta tana tankaɗe. "Malam, dokar ce ta dame ka, ko Maiwada?" Na ce mata ba ta san ƙwallo ba. Ta ce e, amma ta san mijinta.

Ranar Talata ake rufe karɓar ƙorafi.

Litinin, 14 ga Afrilu

Maiwada ya zo da hantsi, shi da Hure, da buhun gyaɗa a bayan babur. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, abin ya ƙara ba ni haushi.

"Yaya Bilya, na gode da aron yaron nan. Ka fitar da ni kunya."

Godiya yake yi mini! Wasiƙar tana aljihuna, ina jin kaifin takardar a ƙirjina.

Sai ya ce Asabar za su kara da wata babbar ƙungiya a Kano, yaran duk sun tsorata, wasu ko birnin ba su taɓa kwana ba. "Ka zo ka ba su tarihin kofin nan. Ni ban san komai a kai ba, kai ne malaminmu." Hure tana ta murmushi, ta ce tun da suka yi aure ba ta taɓa ganinsa yana cin tuwo yana dariya shi kaɗai ba sai yanzu.

Na ce zan duba.

Talata, 15 ga Afrilu

Na fito da niyyar zuwa Kano in kai wasiƙar. Na tsaya a tasha, mota ta cika ta tashi, wata ma ta cika. Zafi ya yi yawa, shi ya sa ban shiga ba.

Laraba, 16 ga Afrilu

Gafasa. Na ja Maiwada bayan makaranta na faɗa masa dokar, na nuna masa takardar. Ya sake duba takardar. Ya tambaya ko akwai wanda ya sani. Na ce ni kaɗai, kuma lokacin ƙorafi ya wuce jiya. Ya daɗe yana kallona. Bai tambayi abin da ya sa na yi kwana huɗu ban faɗa ba. Abdulbasit dai ba zai sake bugawa ba.

Ƙungiyar da suka cire an zalunce ta, kuma da hannuna a ciki. Wannan zan ɗauka, Allah ya yafe mini.

Na ba yaran tarihin a gindin darbejiya, suka yi tsit. Golansu bai iya tsayuwa ba sam in za a yi bugun kwana, na ɓata awa biyu a kansa, don ba zan iya kallon ɓarna in yi shiru ba. Har yanzu ina ganin Maiwada bai iya canjin 'yan wasa ba.

Sun ce akwai wuri a motarsu ranar Asabar. Na ce su bar mini kusa da taga.