Abin da Inna Ta Roƙa

Yaya Bitrus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu. Ina fatan kana lafiya, kai da Rahila da yara. Yaya aiki, yaya sanyin Jos? Mu a nan Yelwa sai godiya, in ban da jikin Inna.

Ranar Lahadi fasto ya zo da dattawa su yi mata addu'a. Yana tsakiyar roƙa mata lafiya, sai ta ɗaga hannu ta tsayar da shi. Ban taɓa ganin an katse fasto ba, shi ma da alama bai taɓa gani ba.

Ta ce, "Malam, ba wannan nake so ba. Lafiyar da na sha ta ishe ni. Ka roƙa mini ruwan nan ya janye daga gungunmu ko na yini guda, a kwantar da ni kusa da maigidana."

Tun da aka datse ruwa a Kainji tsibirin namu ya nutse, kan giginya kaɗai ake hangowa inda kabarin Baba yake. Gwamnati ta kwashe mu har da awaki, amma ba ta yi wa matattu tanadi ba. Na tambayi wani injiniya, ya ce ko da rani ruwan ba zai sauka haka ba. Ban gaya mata ba. Fasto ya roƙa yadda ta ce, na amsa amin tare da kowa.

Ka sa mu cikin addu'a, ka gaida Rahila da yara. Kuma ka zo kafin Kirsimeti. Kai ne babba, kai za ka gaya mata inda za ta kwanta. Ni na kasa.

Ƙanwarka,
Saratu