Na Wanke Jirgin Suwaibatu

Mabai, ta Ƙanƙara,
2 ga Maris, 1978.

Zuwa ga ɗana Almu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'a, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka lafiya a Makurɗi, kai da iyalinka, ya tsare ka daga sharrin ƙarafan jirgin saman da kake aiki a ƙarƙashinsu. Mu nan da godiya. Babanku lafiya lau, sai gwiwar nan da ke tashi in ya daɗe a tsaye. Kakarku Dada tari ya kama ta tun Mauludi, ta ƙi zuwa asibiti, ta ce saiwar da take jiƙawa ta fi allura. Yayanka Barau yana Faskari wajen aikin hanya. Matarsa Laraba ta sauka lafiya, an samu ɗiya mace, sunanta Zulaihatu. Ni kuwa jikina ƙalau, amma kwana goma sha biyu ke nan tuwo ba ya yi mani daɗi, kuma dalilin rubuto maka ke nan. Da hannuna nake rubutawa, yau kwana uku ina yi ina hutawa, don ba zan kai maganar nan wurin mai rubuta wasiƙa a Ƙanƙara ba, kafin la'asar duk kasuwa ta ji.

Ka tuna kwalin jirgin yaƙin da ka kawo wa ƙanwarka Suwaibatu da babbar Salla. To, kwalejinsu ta tura ta makarantar firamare a Damari gwajin koyarwa, aka ce kowace ɗaliba ta haɗa wani abu da hannunta wanda za ta nuna wa yara a aji. Malaminsu zai zo ranar Laraba, ashirin da tara ga watan nan, ya zauna a bayan aji ya ba ta maki. Wadda ta faɗi sai ta maimaita shekara. Ka san yadda na sha fama kafin a yarda ta je kwalejin nan, ka kuma san masu jiran su ce ai mun faɗa. Sauran 'yan mata taswira suka zana a takarda, wata ta ɗinka agogon kwali, ita kuwa ta ce jirgin yayanta za ta haɗa, ta yi mashi fili har da rumfa, don yaran Damari su ga abin da ke tsaga masu sama da ƙara.

Almu, ina da ƙorafi a kanka. Hoton bayan kwalin jirgi ne sosai, da aka buɗe sai ga tarkacen roba kamar ƙayar kifi, wani guntun bai kai ƙwayar dawa ba, takardar bayani kuma duk Turanci. Hutun nan gaba ɗaya a kansa ya ƙare. Gam ɗin da ka haɗo da shi ya narka gefen fiffike ɗaya, sai da ta goge da dutsen goge kaushi. Gilashin da matuƙi ke leƙowa ya yi fari fat kamar idon mai yana. Kaza ta haɗiye kujerar matuƙin, babanku ya ce a yanka ta a ciro, Suwaibatu ta sassaƙa wata da ɓargon kara. Da aka gama aka ajiye shi, sai ya ƙi tsayawa a kan tayoyinsa uku, ya zauna da gindi ya ɗaga hanci sama. Dada ta leƙo ta ce ita dai ba ta taɓa ganin budurwa ta bar daka ta zauna renon matacciyar hasbiya ba.

Filin ni na yi mata, kuma ban ji kunyarsa ba. Ta fara da yashi da sitaci, ya bushe ya tsattsage. Na ce ta ba ni wuri. Na sa aka samo katako mai faɗin faifai biyu, na tankaɗe tsakuwa ƙanana, na yi daɓe irin na ɗakin amarya, da bayan ludayi na daɓe shi maimakon madaɓi, na zuba makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, sau uku har ya yi baƙi yana sheƙi. Ta ja farin layi da alli a tsakiya, muka dasa busasshiyar ciyawar tofa a gefe. Ranar ta ce mani, Inna, wallahi kwalta ce.

Daga nan ne haihuwar Laraba ta matso, na koma wajen shirin ruwan wankan jego, ban ƙara bi ta kan jirgi ba. Ita kuma ta shige ɗaki kwana tara da gashin kaza da fitila, ban san me take yi ba. Da za ta koma Damari ta ɗora shi a ɗakina bisa kabad, kusa da jeren kwanonina, ta ce kada kowa ya taɓa. Ana gobe suna na fito da kwanoni ina wankewa, don dangin Laraba za su zo daga Sabuwa, kuma ka san idon matan can. Na ɗaga kai sai na ga jirgin nan. Bayansa baƙi ƙirin, cikinsa duk zane-zanen maiƙo, fukafukan sun yi dauɗa kamar ya shekara a madafa. Na ce wayyo, hayaƙin ruwan jego ya ɓata wa yarinya aikinta, bari in gyara kafin ta gani. Na kawo ruwan ɗumi da toka da soso, na cuɗe shi tas yadda nake wa tasa. Ina cikin yi na ga 'yan takardun tuta da lambobi da aka manna a jikinsa suna yawo a ruwa kamar ganyen zogale. Fentin fiffiken dama ya bi soso. Tayar gaba ta ɓalle a hannuna.

Ta zo ranar Asabar bayan suna. Da ta gani ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi da ya fi mani sauƙi. Ta ce ba hayaƙi ba ne, ita ta sa dattin da gangan. Wai kai ka gaya mata jirgin da ke aiki ba ya taɓa zama fes, wuta na baƙanta bayansa, mai na zuba a cikinsa, takalman makanikai na barin sawu a kan fiffike. Malaminsu kuma ya ce abin koyarwa sai ya yi kama da gaskiya, in yana ƙyalli yara za su ɗauka abin wasa ne na kanti. Kwana taran nan baƙin fitila take shafawa kaɗan-kaɗan, da garin fensir, da ruwan shayi. Na ce to me ya hana ki gaya mani? Ta ce ta san zan ce ƙazanta ce. Kuma gaskiyarta, da na ce. Shekara talatin ina koya wa 'ya'ya wanke abu, wa ya taɓa gaya mani akwai dattin da ake ba maki a kansa? Da gari ya waye ta durƙusa ta yi mani sallama kamar kullum, ta ce ba komai, za ta zana taswira. Kayan aikinta na nan gida, in ta zo kwasa kwana huɗu kacal za ta samu, ga darasin duk a kan jirgi ta tsara shi, an riga an sa hannu a littafinta.

Ban yarda ba, na zauna gyara da kaina. Taya na manna ta da ƙaro, ta kama. Dattin ne ya gagare ni. Na shafa baƙin tukunya, jirgi ya koma kamar gawayi, na goge. Na gwada lalle don tsatsa, ya yi ja kamar ƙafar amarya, Laraba ta yi dariya har ta riƙe ciki. Man gyaɗa kuwa tururuwa ya kira. Shekaranjiya na gwada kwalli da tsinkensa a bakin bututun baya, sai na ga ya yi launin ƙarfen da ya sha wuta, babanku ma ya ce wannan kam ya yi kama da salansar babur. Abin shafawa ya samu ke nan, amma ban san inda zan shafa ba. Ban taɓa ganin jirgi a ƙasa ba. In na sa baƙi inda ba ya zama, malamin nan zai gane.

Don haka ga abin da nake so, kuma kada ka ce sai ka samu sarari. Ka zana mani jirgin a takarda babba, ta sama da ta ciki da ta gefe, ka sa alama duk inda hayaƙi ke kwanciya da inda mai ke bi, ka nuna inda ya fi duhu. Ka rubuta da Hausa, baƙi rarrabe, ban iya karanta haɗaɗɗen rubutun nan naku ba. Ka gaya mani ko jirgi na tsatsa. Ka nemo 'yan takardun tuta da lambobi a kantin da ka sayo shi, in babu ka zana mani girmansu da launinsu, da ɗan fenti ruwan toka ko cikin murfin kwalba ne. Ka kuma faɗi dabarar da za ta sa ya sauke hancinsa, don dutsen da na tokare bayansa da shi yana nunawa. Kada ka sa a gidan waya, can takarda ke kwana wata. Ka ba direban da ke zuwa Funtuwa, ya bar wa Alhaji Ɗanliti mai shago a tasha, shi zai aiko.

Ka gaishe da matarka Baraka da ɗiyarku Larai. Babanku da Dada da Laraba suna gaishe ku. Suwaibatu ba ta san na rubuto ba. Za ta zo ranar Asabar, ashirin da biyar ga wata, ta kwashi kayanta, kuma ina so ta iske jirgin a kan filinsa yadda ta bar shi. Amsarka ta same ni kafin Juma'a, ashirin da huɗu. In ranar ta wuce ban ji ka ba, zan shafa kwallin inda idona ya ba ni, in kuma ta faɗi, ka sani ba ita ta faɗi ba, ni na kayar da ita.

Allah ya yi maka albarka. Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka,
Lauratu.