Wari a gidana, kuma na san mai shi

Kaka, don girman Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zai kai ni ofishin 'yan sanda. Ni tela ce, a gida nake ɗinki, shekara huɗu ina haya a wani gida mai sashe biyu, ko musu ban taɓa yi da kowa ba. Wata takwas da suka wuce Baba mai gida ya kwaso mana wani mai sayar da kifi, shi da matarsa da robobinsa masu ƙarni, ya jibge su a sashen da ke jikin nawa. Tun daga nan hancina bai sake hutawa ba.

Kifin nasa ma ba na kirki ba ne, don warin ruɓaɓɓen ƙwai yake yi, musamman in rana ta take. Na wanke ƙasa har hannuna ya saɓule. Na fesa turare, na sauya labule, na jefar da darduma sabuwa fil. Abin takaici, warin ya fi tarewa a banɗakin tsakar gida, inda nake ajiye kayan mutane. Banɗaki biyu gare ni, wannan na 'yata ne, da ta tafi makaranta wata tara ke nan sai na rufe masan da katako, na kafa kanta, na jera yadudduka. Ko ɗigon ruwa ba ya taɓa wurin, tsaf yake, amma da yake bangonsu ɗaya da ƙazaman nan, nan warin yake kwana. Wata mata da na shekara goma ina yi wa ɗinki ta shinshina rigarta a gabana, ta ajiye, ta fita. Ba ta dawo ba. Wasu mutum uku da nake yi wa ɗinki suka bi bayanta.

Na tari matar mai kifin a bakin famfo na wanke ta tas, wai har da kukanta, tana rantsuwa a kasuwa mijin yake barin kaya. To robobin da yake wankewa a ƙofata fa? Akwai lokacin da suka yi tafiyar sati biyu dubiya, warin bai ragu ba ko kaɗan, kin ga har bango ya sha ke nan. Na matsa wa Baba mai gida lamba har ya ba su takardar tashi, ƙarshen watan nan. Yanzu 'yan unguwa na zagina wai matar tana da tsohon ciki. Ni na yi mata cikin? Ki faɗa min yadda zan fitar da warinsu daga bangona in sun tafi, da abin da zan yi in suka ƙi tashi.

Telar da wari ya isa

*

Ke 'yar nan, zauna. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na farko na ji tausayinki, na biyu dariya ta kusa zubar min da ragowar haƙorana. Kin kama ɓarawo, kin rubuta min shi da hannunki, sannan kin wuce shi kin je kin shaƙe maƙwabci.

Mutane sun yi sati biyu ba sa nan, wari yana nan daram, amma ke sai kika ce bango ne ya sha. Wane irin bango ne wannan mai haɗama? Kuma yaushe kifi ya fara warin ƙwai? Ɓarawonki yana ƙarƙashin katakon nan, kin ma ɗora masa yadudduka don kada sanyi ya kama shi.

Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma wannan darasin da kunya na saye shi. Takalman marigayi mijina ƙafa uku na jefa a bola, na yi wata guda ina ce masa mai ruɓaɓɓiyar ƙafa, har mai gyaran famfo ya zo ya nuna min. A ƙarƙashin kowane masai da kowace magudanar ƙasa akwai lanƙwasar bututu da ruwa ke kwanciya a ciki. Ruwan nan shi ne murfin da ke tare iskar ramin masai. In aka daina zuba ruwa sai ya ƙafe, iska ta samu hanya ta hau sama abinta. Ke kin rufe banɗaki wata tara, mai kifi ya zo wata takwas. Laifinsa ɗaya, ya iso daidai lokacin da ruwanki ya ƙafe.

Yau ɗin nan ki kwashe kayan mutane ki shanya su a iska. Ki ɗaga katako, ki buɗe taga, ki juye bokiti guda a masai, guda a magudanar ƙasa, har da wurin wanke hannu. Ki riƙa yin haka duk sati. Kada ki haɗa magungunan wanki kala-kala ki zuba, hayaƙinsu ya fi warin illa. In kwana uku suka wuce bai tafi ba, Baba mai gida ya kawo mai gyara ya duba bututun iska da murfin rami ko sun tsage, wannan aikinsa ne.

Ban ce ba ki da gaskiya ko ɗaya ba. Sana'arki ce take zubewa, dole ranki ya ɓaci, kuma wanke robobin kifi a ƙofar mutum rashin ta-ido ne. Wannan magana ce ta minti biyu da mijin, ba ta korar mai ciki ba.

Saura mai wuyar. Da ƙafar da kika je kika sa aka rubuta takardar nan, da ita za ki koma a yage ta, kuma kada ki jira ƙarshen wata. Daga nan ki wuce bakin famfon da kika zage ta, a gaban waɗanda suka ji zagin, ki ba ta haƙuri da irin muryar da kika yi zagin da ita. In bakin ya yi nauyi, keken ɗinki ba ya nauyi, ki ɗinka wa jaririn 'yan riguna. Sai dai ki shinshina su kafin ki miƙa.

Allah ya dawo miki da masu ɗinkinki, ya sauke maƙwabciyarki lafiya, ya ba ta zuciyar yafe miki.

Kakarku