Tsarabar Dutse Mai Aman Wuta

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna?

Na dawo Abuja daga tsibirin da ofis ya tura ni taro. Ranar ƙarshe muka hau dutse mai aman wuta da asuba. Ƙasa da ɗumi, hayaƙi na warin ruɓaɓɓen ƙwai, sai rana ta ɓullo jajir daga teku. Na juya in ce "Yaya, duba!", ba wanda na sani.

Na tsinto wa yaranki baƙaƙen duwatsu. Da na iso ɗakina a Kurudu, ba mai sannu da zuwa, balle "ina tsaraba?" Suna nan cikin jaka.

A gaida Inna, ta sa ni a addu'a. In an yi hutu, turo min ko ɗaya ya karɓa.

Ƙanwarki,
Rabi